Inhela da man kariyar fata: abin da gwajin likitoci ya nuna, tambaya da amsa

Da hunturu ya kama, ƙorafi biyu ne ke yawaita a bakin masu zuwa kemis: fata ta bushe ta tsattsage, ƙirji kuma ya shaƙe. Magungunan matsalolin nan biyu suna cikin waɗanda aka fi gwadawa a kan dubban mutane, amma yadda ake amfani da su a gida sau da yawa ya sha bamban da yadda aka gwada su. Mun tattaro tambayoyin da aka fi yi a kansu. Bayanin nan ba ya maye gurbin ganin likita.

Me ya haɗa maganin fata da na asma?

Fata da bangon hanyoyin iska na huhu duk katanga ce tsakanin jiki da abin da ke waje. Yaron da ya tashi da egzima, wato busasshiyar fata mai ƙaiƙayi da ke kama kumatu da lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, ya fi sauran yara yiwuwar kamuwa da asma da atishawar ƙura idan ya girma. A 2006 masu bincike a Dundee ta ƙasar Sukotilan suka gano cewa tawaya a ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin filagirin, wanda ke ɗinke saman fata, tana da hannu a egzima da kuma asmar da ke biyo ta.

A lura da abu ɗaya. Fararen ɗigo-ɗigon nan na wuya da ƙirji da mutane da yawa a Najeriya ke kira egzima, ƙyasbi ne, kuma naman gwari ke kawo shi. Maganinsa daban ne, man da aka yi don egzima ta ainihi ba ya kashe shi.

Idan an ce magani ya ci gwaji, me aka yi masa?

Ana farawa da mutane 'yan kaɗan, ashirin zuwa ɗari, don a ga ko jiki zai ɗauka. Sai a koma kan ɗaruruwan masu cutar a nemo adadin da ya dace. A mataki na uku ne ake yin babban gwaji: a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su sami sabon maganin, wasu su sami tsohon ko kuma na kwaikwayo wanda babu sinadarin magani a cikinsa. Sau da yawa ba likita ba, ba mara lafiya ba, babu wanda ya san wa aka ba me sai an kammala. Amfanin ƙuri'ar shi ne kada likita ya tura masu ƙarfin jiki ɓangaren maganin da yake so ya yi nasara. Asma kuwa cuta ce mai tashi da kwantawa da kanta, don haka in babu rukunin kwatanci, ko ruwan bunu aka ba mutum a ranar da ciwon zai lafa sai a ce shi ne ya warkar.

Wa ke kare wanda ya shiga irin wannan gwajin?

Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. A yau gwajin magani a Najeriya sai da izinin NAFDAC da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Wanda aka gayyata yana da haƙƙin a karanta masa takardar yarda da harshen da yake ji, a gaya masa illolin da aka sani, kuma ya janye duk ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi kulawar da ya saba samu ba.

Shuɗiyar inhela tana buɗe mini ƙirji nan take. Me ya sa likita ya ƙara mini wata?

Domin matsala biyu ce a ƙirjin mai asma. Akwai tsukewar naman da ya zagaye hanyoyin iska, akwai kuma kumburin bangonsu na ciki tare da majina mai kauri. Salbutamol, maganin da ke cikin shuɗiyar, yana saki naman cikin kamar minti 5, aikinsa ya ɗauki awa 4 zuwa 6, amma ko kaɗan ba ya taɓa kumburin. Mutum na jin sauƙi, wutar na ci a ƙasa. Mai kwantar da kumburin ita ce inhela mai sitiroyid, irin su beclometasone da budesonide. Ba a jin aikinta ranar farko. Ana fara ganin canji bayan kwanaki zuwa mako biyu, cikakken amfaninta kuma yana ɗaukar watanni, shi ya sa mutane ke jefar da ita su ce ba ta aiki.

Tarihi ya riga ya koyar da wannan da rayuka. A shekarun 1960 mace-macen asma sun yi tashin gwauron zabi a Ingila bayan an fara sayar da wata inhelar buɗe ƙirji mai ƙarfi ta isoprenaline. Aka sake ganin haka a Niyu Zilan daga tsakiyar shekarun 1970 tare da fenoterol, wani maganin buɗe ƙirjin, mace-macen kuma suka ragu sosai bayan an taƙaita maganin wajen 1989 zuwa 1990. Binciken da aka yi kan bayanan marasa lafiya masu yawa ya nuna wanda ke ƙarar da shuɗiyar inhela 3 ko fiye a shekara yana cikin ƙarin haɗarin mummunan tashin asma, mai ƙarar da 12 kuwa haɗarin ya kai ga na mutuwa. Duk wanda yake sayen shuɗiya ɗaya a kowane wata, asmarsa ba ta cikin kulawa ko da yana jin garau.

An ce ƙa'idar maganin asma ta sauya a 2019. Mene ne ya sauya?

A shekarar ce kwamitin GINA, mai fitar da jagorar maganin asma ta duniya, ya daina amincewa a bar babba ko matashi da shuɗiyar inhela ita kaɗai, ko da asmarsa mai sauƙi ce. Cikin abubuwan da suka kawo haka akwai gwaje-gwaje biyu da ake kira SYGMA, da aka wallafa a 2018, waɗanda suka haɗa mutum kimanin 8,000 masu asma mara tsanani. An gwada inhela guda mai haɗe da budesonide da formoterol, ana shaƙarta sai lokacin da ƙirji ya matse. Formoterol yana buɗe ƙirji da sauri kamar salbutamol, sitiroyid ɗin kuma ya shiga tare da shi. A gwaji na farko munanan tashin asma sun ragu da kashi 64 cikin 100 idan aka kwatanta da masu amfani da maganin buɗe ƙirji kaɗai. Wajen hana munanan tashin kuma ta yi kunnen doki da shaƙar budesonide safe da yamma, alhali sitiroyid ɗin da ya shiga jiki bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Hikimar a fili take: mutane ba sa tuna magani sai sun ji ciwo, to sai aka saka maganin rigakafin a cikin abin da hannu ke kaiwa a lokacin. Babba bai kamata ya wuce shaƙa 12 a rana ba na mai ƙarfin 200/6, wato budesonide maikirogiram 200 da formoterol 6 a kowace shaƙa. Inda tsada ko rashinta ya hana, hanyar da ta rage ita ce beclometasone kullum da shuɗiya a aljihu, ko kuma a bi kowace shaƙar shuɗiya da ta sitiroyid.

Kowace inhela mai haɗin magani biyu za a iya yin haka da ita?

A'a. Mai ɗauke da salmeterol, irin Seretide, ba ta buɗe ƙirji da sauri, don haka ta safe da yamma ce kawai, ba ta gaggawa ba. Salmeterol shi kaɗai ba tare da sitiroyid ba kuwa haɗari ne ga mai asma. A wani gwaji a Amurka mai mutum sama da 26,000, an sami mutuwar asma 13 a rukunin salmeterol, 3 a rukunin maganin kwaikwayo, kuma abin ya fi bayyana a tsakanin baƙaƙen fata. An dakatar da gwajin a 2003. Manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna in an haɗa shi da sitiroyid a na'ura guda wannan haɗarin ba ya fitowa.

Sitiroyid ba ya tsumburar da yaro ko kumbura shi?

Kumburin fuska da ƙiba da hawan suga da lalacewar ƙashi illolin ƙwayar sitiroyid ne da allurarsa idan aka daɗe a kansu, irin su prednisolone da dexamethasone da wasu ke saya a kemis kamar gyaɗa. Ƙwayar prednisolone ɗaya miligiram 5 ce, wato maikirogiram 5,000, kuma tana zagaya jiki duka. Shaƙa ɗaya ta beclometasone maikirogiram 50 ko 100 ce, tana sauka inda ciwon yake.

Batun tsawo an auna shi da kyau. Gwajin CAMP ya bi yara 1,041 a Amurka da Kanada, wasunsu suna shaƙar budesonide maikirogiram 400 a rana tsawon shekara 4 zuwa 6. Da suka girma, tsawonsu ya gaza na sauran da kimanin santimita 1.2. Gaskiya ne akwai tasirin, amma bai kai kaurin yatsa ba, kuma asmar da aka bari tana hana yaro barci da makaranta ita ma tana hana girma. Illolin da aka fi gani su ne disashewar murya da farin gwari a baki. Kuskure baki da ruwa a tofar bayan kowace shaƙa yana rage su ƙwarai.

Mutane na cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita. Ba gara ƙwaya ko sirop ba?

Inhela ba ta sa jaraba. Cutar ce mai daɗewa, kamar yadda tabarau ba shi ke kashe ido ba. Ƙwayar salbutamol miligiram 4 ta ninka shaƙa ɗaya sau 40, tana jinkirin fara aiki, kuma ita ce ke kawo karkarwar hannu da bugun zuciya. Jagororin zamani sun bar ba da ita. Idan asma ta kwanta lafiya wata uku a jere, likita kan rage adadin sitiroyid a hankali.

Yaya ake shaƙar ta daidai?

A nan mafi yawan magani ke salwanta. Ko an yi daidai, abin da ke isa huhu daga inhelar fesawa da yawa bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba, saura ya maƙale a harshe da maƙogwaro. A cire murfi, a girgiza sosai, a miƙe zaune ko tsaye, a fitar da numfashi gefe. A sa bakin na'urar tsakanin haƙora a rufe leɓe. A fara jan iska a hankali, sannan a danna sau ɗaya ana ci gaba da ja har kamar daƙiƙa 5. A riƙe numfashi daƙiƙa 10 ko iya abin da ya samu. In akwai shaƙa ta biyu, a jira rabin minti zuwa minti ɗaya a sake girgizawa.

Kurakuran da aka fi yi su ne dannawa kafin a fara ja, zuƙa da ƙarfi kamar mai shan furar da ta yi kauri, da danna biyu a jere a numfashi ɗaya. Idan aka ga hayaƙi yana fita ta baki ko hanci, maganin ya tafi a iska. Inhelar gari, irin Turbuhaler, akasin haka take: ba a girgiza ta, ana zuƙarta da ƙarfi da zurfi tun daga farko, kuma ba a hura mata numfashi domin laima na dunƙule garin.

Shuɗiya tana ɗauke da fesawa 200, kuma tana ci gaba da fitar da iska bayan maganin ya ƙare. Jefa ta cikin ruwa don a ga ko za ta nutse ba ma'auni ba ne. In ba ta da lambar ƙirga, a rubuta ranar da aka buɗe a jikinta. Inhelar rigakafi mai fesawa 200 da ake yi biyu safe biyu yamma, kwana 50 take yi.

Da gaske ne robar ruwa na iya zama sifesa?

Da gaske ne, kuma an gwada. Sifesa wani bututu ne da ake sawa tsakanin inhela da baki, maganin ya tsaya a ciki na ɗan lokaci, mai shaƙa ya ja a nitse. Dakta Heather Zar da abokan aikinta a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun wallafa gwaji a 1999 kan yara 88 masu tashin asma. Robar lemo mai cin mililita 500 ta buɗe musu ƙirji daidai da sifesar kanti, kofin roba mai laushi kuwa ya gaza.

Ana lanƙwasa waya daidai girman bakin inhela, a gasa ta, a huda gindin robar da ita, a cusa bakin inhelar tun robar tana da ɗumi don ta kama shi ƙam. Yaro ya sa bakin robar a bakinsa. A fesa sau ɗaya, ya yi numfashi 5 ko 6 a ciki, sannan a sake. A wanke robar da ruwan sabulun wanke-wanke, kada a goge da tsumma, a bar ta ta bushe da kanta, domin gogewa na sa maganin ya manne a bango. Ƙaramin yaro da bai kai shekara 4 ba yana buƙatar mai marufin fuska.

Idan asma ta tashi da ƙarfi a gida fa?

A zaunar da mutum, kada a kwantar da shi. A ba shi shuɗiya ta sifesa, fesawa ɗaya-ɗaya, 4 zuwa 10 ga babba da yaron da ya haura shekara 5, 2 zuwa 6 ga ƙarami. Ana iya maimaitawa kowane minti 20 har sau uku. Gwaje-gwaje sun nuna a tashin da bai kai na halaka ba, wannan hanya tana aiki daidai da injin hayaƙi na asibiti. Wanda ba ya iya ƙarasa jimla, ko leɓensa da harshensa suka sauya launi, ko ya fara gyangyaɗi, ko ƙarar ƙirjin ta ɗauke alhali yana fama, a nufi asibiti ana ba shi maganin a hanya. A fitar da turaren wuta da igiyar leko da gawayi daga ɗakin.

Mai azumi fa?

Malamai sun yi saɓani kan ko inhela na karya azumi, sai mutum ya tambayi malaminsa. Ta fuskar likitanci, ta rigakafi da ake yi sau biyu tana shiga daidai a sahur da buɗa-baki. Tashin asma kuwa ba ya jiran magariba.

Mu koma fata. Me lambar SPF ke nufi?

Lamba ce da ake rubutawa a jikin man kariyar rana don nuna ƙarfinsa, ana kuma auna ta ne a fatar bayan mutane aƙalla 10. A shafa man miligiram 2 a kowane murabba'in santimita, a haska fitila mai kwaikwayon hasken rana, mai ɗauke da UVB, wato ɓangaren hasken da ke ƙona fata, a ga ninki nawa na haske ake buƙata kafin fata ta yi ja idan aka kwatanta da inda ba a shafa ba. SPF 15 yana tare kusan kashi 93 cikin 100 na UVB, 30 yana tare 97, 50 kuma 98. Lambar ba ta faɗin komai kan UVA, mai shiga fata da zurfi ya kawo tabo da yamushewa, sai an duba alamarsa daban a jikin robar.

Matsalar tana wajen yawa. Adadin gwaji ga jikin babba duka ya kai mililita 35, wato ƙaramin cokali 7: ɗaya na fuska da wuya da kunne, ɗaya-ɗaya na hannuwa da ƙafafu, ɗaya gaba, ɗaya baya. Yawancin mutane rabin haka suke shafawa ko ƙasa, sai SPF 50 ya koma ƙaramar lamba. A shafa minti 20 kafin fita, a sabunta bayan awa 2, da bayan alwala ko gumi mai yawa.

Akwai shaidar yana hana kansar fata? Baƙar fata ma na buƙata?

Babbar shaidar daga garin Nambour na Ostareliya ta zo. Daga 1992 zuwa 1996 aka raba mutum 1,621 da ƙuri'a, rabi suna shafawa kullum, rabi sai sun ga dama. Nau'in kansar da ke fitowa a saman fatar da rana ta ƙona ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a masu shafawa kullum. Shekara goma bayan gwajin, an sami melanoma, wato kansar fata mafi haɗari, guda 11 a cikinsu, 22 a ɗaya rukunin. Amma waɗannan fararen fata ne. Baƙar fata tana da kariyarta da aka ƙiyasta kusan SPF 13, kansar rana ba ta da yawa a cikinta, amfanin man ga mai ita ya fi karkata ga hana baƙin tabo da dabbare-dabbaren fuska ƙara duhu.

Wanda wannan magana ta zame wa ta rai da mutuwa a ƙasarmu shi ne zabiya. Fatarsa ba ta da sinadarin da ke tare rana, kuma kansar fata tana kama zabaya da yawa tun suna matasa. Gare shi SPF 50 ne kullum tun yarinta, da malfa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da kauce wa rana daga hantsi zuwa la'asar. A tuna da bayan wuya da saman kunne da leɓen ƙasa. Duk wani gyambo ko ɓawo mai kaushi da ya yi wata bai warke ba, a kai wa likitan fata. Masu shafa man bilicin su ma sun cire wa kansu wani ɓangare na kariyar.

An ce sinadaran man suna shiga jini.

Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada a 2019 kan mutum 24 da suka shafe kashi uku cikin huɗu na jikinsu sau 4 a rana. Sinadarai irin su oxybenzone da avobenzone sun bayyana a jini sama da mizanin da ke sa hukumar ta nemi ƙarin bincike. Gwajin bai nuna cuta ba, hukumar ma ta ce a ci gaba da shafawa. Mai shakka ya nemi wanda aka yi da zinc oxide ko titanium dioxide, masu zama a saman fata. Aibinsu shi ne barin fuska fari-fari kamar an shafa toka, sai dai in an sami mai launi.

Shafa wa jariri mai kullum yana hana egzima, har ya tare asma?

An yi fatan haka, gwaji ya ce a'a. A Ingila gwajin BEEP ya ɗauki jarirai 1,394 daga gidajen da ake da cutar, rabi ana shafa musu mai kullum shekara guda. Da suka kai shekara 2, kashi 23 cikin 100 na waɗanda aka shafa wa suna da egzima, sauran kashi 25, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Wani gwajin a Nowe da Suwidin mai jarirai kusan 2,400 ya zo da sakamako iri ɗaya a 2020. Mai yana kwantar da egzimar da ta riga ta fito, ba ya hana ta zuwa.

To wane mai ne ya fi ga mai egzima, kuma nawa?

Gwajin da aka wallafa a 2022 kan yara 550 ya kwatanta mai ruwa-ruwa da kirim da jel da mai kauri irin basilin tsawon mako 16, babu wanda ya fi wani. Wanda yaro zai yarda a shafa masa shi ne mafi kyau, in dai ba shi da turare. Basilin fari da man kaɗanya mara haɗi suna riƙe laima a hunturu, sai dai ba sa tare rana. Yaro mai egzima a jiki da yawa yana cin giram 250 zuwa 500 a mako. A shafa da an fito wanka fata na da damshi, a bi kwanciyar gashi, a ɗebo da cokali mai tsabta maimakon yatsa. Mai na jiƙa tufafi da zanen gado ya sa su saurin kamawa da wuta, wanki kuma ba ya fitar da shi duka, don haka a yi nesa da murhu da kaskon jin ɗumi.

Kirim mai sitiroyid na wurin da ya yi ja yana ƙaiƙayi ne kawai. Ma'auninsa shi ne layin da aka matso daga kan yatsar manuniya zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram, wanda ke isar fili mai faɗin tafin hannun babba biyu. A fuska da matsematsi ana amfani da mara ƙarfi kamar hydrocortisone na kwanaki kaɗan. Clobetasol, wanda ake zubawa cikin haɗin bilicin har ana shafa wa jarirai, yana cikin mafi ƙarfi: yana sirantar da fata, ya fito da nankarwa da ƙuraje, ya sa makero ya bazu a ɓoye, a jikin jariri kuma yana ratsawa cikin jini ya danne aikin ƙullin da ke saman ƙoda. Wanda ya daɗe yana shafa shi kada ya yanke rana ɗaya, ya je likita ya rage masa mataki-mataki.